Haƙorin da Aka Ce Ya Jira Haihuwa

Shekaru suna goge abubuwa da yawa daga zuciyar mutum, har wani lokaci a tuna maka abu ka rantse ba da kai aka yi ba. Amma abin da ya sami yayata a damunar da take ɗauke da ciki ba ya cikin waɗanda za su gogu. Ko da zan yi tsufan da zan riƙa rikita sunayen jikokina, ban jin wannan zai bar ni.

Mu biyu ne mata a wurin mahaifiyarmu, kuma ina ƙarama ƙwarai Allah ya yi mata rasuwa. Yaya ce ta goya ni, ita ta yi mani kitso, ita ta koya mani yadda ake tuƙa tuwo ba gudaji. Da aka yi mata aure a Ruwan Godiya, da ni ta tafi. A ɗakinta na girma, daga ɗakinta kuma aka kai ni gidan mijina a Sheme. Ban taɓa jin ta kira sunana ba, Auta take ce mani har gobe.

Mace ce mai yawan dariya, irin wadda in ta fara sai ta dafa kafaɗar na kusa da ita. Sana'arta ɗinkin hula, kuma hannunta ya yi suna, har daga Faskari ake aiko mata da aiki. Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai, shi ne haihuwa. Ciki na shiga, amma ba ya zama. Ya yi wata biyu ko uku sai ya zube. Ta yi ɓari har muka daina faɗa wa mutane in ta samu, saboda gajiya da amsa jaje. Mijinta manomi ne, mutum mai sanyin hali, bai taɓa ɗaga mata murya a kan wannan ba. Mahaifiyarsa, wadda dukanmu muke kira Inna, a gidan take zaune, kuma ta riƙe Yaya kamar ita ta haife ta.

To, a wannan shekarar sai cikin ya zauna. Ya wuce watannin da ya saba zubewa, ya fito, har ya fara motsi. Ban taɓa ganin gida ya koma lallaɓa mutum ɗaya kamar yadda gidan nan ya koma ba. Inna ta ƙwace taɓarya daga hannunta, ta hana ta ɗaukar ko da butar ruwa mai nauyi, ta hana ta hawa mashin. In Yaya ta yi atishawa sai ka ji Inna daga ɗaki tana tambayar lafiya.

Shi kuwa haƙorin, tsohon abu ne. Matauninta ne na sama, ɓangaren hagu, can ƙurya. Tun ina gidan ta tauna tsakuwa a cikin wake ya ɓalle, daga baya ya yi kogo. Yakan tashi lokaci-lokaci, ta cusa kanumfari a ciki, ta kurkure da ruwan gishiri mai ɗumi, ya lafa. Kowa a garinmu yana da irin wannan haƙorin a bakinsa. Ba a ɗauke shi ciwo ba.

Wata ranar kasuwa na sayo mata goruba da ɗanyar gyaɗa, don su cikin ya sa ta kwaɗayi, na hau mota na je. Na ishe ta zaune a ƙarƙashin rumfa, hula a cinya, allura a soke a jiki, ba ta ɗinki. Ta ɗaure haɓarta da kallabi har saman kai. Da ta ga gorubar sai ta yi murmushi da rabin baki.

"Kin kawo a ranar da ba ni da abin ci da ita," in ji ta.

Na ce, "Yaya, haƙorin nan ne kuma? Ki bari a kai ki Kankara a cire shi mana, ki huta."

Inna tana gefe tana tsince shinkafa. Ta ajiye faifan ta dube ni. "Ke ɗiyar nan, mi kike faɗi haka? A cire wa mai ciki haƙori? Ina kika taɓa ji? Jijiyar haƙori da ta mahaifa ai a haɗe suke. A girgiza can, nan ya amsa. Ga allurar da suke yi, ga hanyar nan duk ramuka. A'a. Ta sauka lafiya tukuna."

Yaya ta dafa cikinta. "Auta, shekara nawa ina jiran wannan? In dai haƙori ne zan iya da shi. In na haihu su cire duka bakin ma, in riƙa shan kunu."

Muka yi dariya mu duka uku. Kuma gaskiya maganar Inna ba baƙuwa ba ce a kunnena. Haka na taso ina ji, haka matan unguwarmu suke faɗi, haka ni ma na ɗauka. Yaya tana zuwa awo a ƙaramin asibitin garin, amma ba ta taɓa ambata masu haƙorin ba. A ganinta can wurin ciki ne, me ya haɗa su da baki?

Ta sha wahala a kwanakin da suka biyo baya. Mijinta ya ce mani takan zauna ta haɗa kai da bango tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta. Ko ƙwayar rage zafi ba ta son sha, tana tsoron ta taɓa ɗan. Sai rannan kawai ciwon ya ɗauke. Ta kira ni a waya muryarta wasai, ta ce, "Auta, haƙori ya gaji ya bar ni. Jiya har masara gasassa na ci." Muka yi ta hamdala. Inna ta ce ai ta faɗa, haƙuri kawai ake yi. Sai daga baya likita ta gaya mana cewa wannan shirun ba warkewa ba ne. Jijiyar haƙorin ce ta mutu, shi ya sa ya daina zafi, ciwon kuwa ya gangara saiwa ya ci gaba da aikinsa inda ido ba ya gani.

Abin da ya biyo baya mura ce, amma wata irin mura. Hanci ɗaya ne kawai ya toshe, na hagu, yana fitar da majina mai kauri mai wari. Ita kanta warin yana damunta, ta riƙa neman turare tana shafawa a gefen mayafi. Ta ce kuncinta ya yi nauyi kamar an cusa mata dutse a ciki, kuma in ta sunkuya sai ta ji kamar fuskar za ta faɗo. Sujada ta gagare ta, ta koma salla a zaune. Damuna ce, kowa yana mura, ga mai ciki da laulayi iri-iri. Mijinta ya karɓo mata maganin mura a kemis, Inna ta yi mata sirace da ganye. Babu wanda ya kawo haƙori a ransa, tunda haƙori ai ya warke.

Wata safiya ina shanya wanki wayata ta yi ƙara. Mijin Yaya ne. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba, abin da ba halinsa ba. Ya ce, "Ki taho in da hali. Idon yayarki ya kumbura, kuma jikin da zafi."

Da na shiga ɗakin sai na tsaya a bakin ƙofa. Wallahi da a hanya na gamu da ita ba zan gane ta ba. Fatar idonta na hagu ta kumbura ta rufe ruf, ta yi ja tana sheƙi, kumburin ya haɗe da kunci har gefen hanci. Tana kwance a gefen dama, an lulluɓe ta da zannuwa tana rawar ɗari. Ɗakin cike da mata da hayaƙin magani. Wata ta ce apolo ne mai tsanani. Wata ta ce ƙwaro ne ya yi mata fitsari tana barci. Wata tsohuwa ta rage murya ta ce baki ne, ciki irin wannan da aka daɗe ana jira ai ba kowa ke murna da shi ba. An kawo ruwan tofi an shafa, an sa kwalli, an ɗora tsumma mai ɗumi.

Na zauna a bakin gadon na kama hannunta. Zafinsa kamar an ɗauko shi daga murhu. Na ce, "Yaya, bari in gani." Na sa yatsa a hankali na ɗaga fatar idon. Ƙwayar ta turo waje, farin ya koma ja ya kumbura kamar tsoka. Na matsar da hannuna gefe, idon dama ya bi shi, na hagun ya tsaya cak.

Ta ce, "Auta, ku biyu nake gani. Wacce ce ke a ciki?"

Ta faɗe shi ne da wasa, don ta ga fuskata ta canza. Ni kuwa sai na fita tsakar gida na sami mijinta tsaye jikin rumbu. Kafin in buɗe baki ya ce, "Na sani. Asibiti za mu." Inna da kanta ta fito da mayafin Yaya a hannu ta ce, "Ku kai ta. Wannan ya wuce na gida."

Sai dai ba mu samu tafiya a ranar ba. Tun hantsi labari ya bazu cewa hanya ba lafiya, an ga mutanen daji sun gitta, direbobi duk sun ajiye motocinsu. Wanda ya san yankinmu a shekarun nan ya san abin da wannan ke nufi. Mijinta ya zagaya tasha, ya roƙi wannan ya roƙi wancan, kowa ya ce ya yi haƙuri zuwa gobe. Ga hadari ya haɗo, aka yini ana ruwa. Haka muka zauna muna kallonta, kumburin yana ƙaruwa a gabanmu. Na sha tambayar kaina ko wannan yinin da muka rasa shi ne ya raba ta da idon. Ban sani ba, kuma babu wanda ya iya ba ni amsa.

Washegari da safe muka samu mota zuwa Kankara. Muka sa ta a gaba, ni ina bayanta na riƙe mata kai, don duk ramin da motar ta faɗa sai ta yi nishi. Hannunta ɗaya yana kan ciki tun daga gida har muka isa.

Likitan da ya gan mu a Kankara saurayi ne. Ya duba idon, ya haska fitila a ciki ya ce, "Kina ganin haske?" Ta ce tana gani, amma dishi-dishi. Ya danna kuncinta ta zabura. Sai ya ce ta buɗe baki. Mijinta ya ce, "Likita, ido ne muka kawo." Likitan ya leƙa can ƙurya, ya ɗan ƙwanƙwasa haƙorin da wani ƙarfe. Yaya ta yi ƙara irin wadda ban taɓa jin ta yi ba.

Ya ce, "Tun yaushe haƙorin nan yake haka?"

Muka dubi juna. Na ce ai ya daɗe da daina ciwo. Ya girgiza kai. Ya ce daga nan abin ya taso, kuma ya kai inda sai an yi aiki, aikin da ba su da kayansa a nan. Ya sa aka ɗaura mata ruwa, aka yi mata allurai, ya ce mu wuce Katsina yanzu, kada mu koma gida ɗauko komai, kada mu tsaya ko'ina.

Tafiyar Katsina ita ce mafi tsawo da na taɓa yi. Zazzaɓin ya hau kanta, ta fara surutai. Ta riƙa kiran mahaifiyarmu, tana ce mata ta zo ta karɓi Auta ta gaji da goyo. Can kuma ta dawo hayyacinta ta ce, "Yana motsi, Auta. Taɓa ki ji." Na taɓa, na ji ɗan ƙaramin naushi a tafin hannuna. Mijinta yana gefen taga, yana jan carbi har muka shiga gari.

A babban asibitin, likitoci suka taru a kanta, na ido, na hanci, na haƙori, da na masu ciki. Wata likita mace, mai ɗan shekaru, ita ta fi yi mana magana. Ta ɗaga fatar idon ta haska fitila kamar yadda aka yi a Kankara. Ta ce, "Kina ganin haske?"

Yaya ta ce, "Kin kunna ne?"

Fitilar tana cikin idonta tana ci. Na juya baya na toshe bakina da mayafi.

Bayan an ɗauki hoton kanta, likitar ta kira ni da mijinta gefe. Ta dafa nata kuncin ta ce a cikin ƙashin nan kowa yana da kogo, kamar ɗan ɗaki da iska ke shiga ta hanci. Daɓen ɗakin yana daidai kan saiwar haƙoran sama, rufinsa kuma shi ne ƙashin da ido ke zaune a kai, kuma duka biyun ba su da kauri. Ruɓar haƙorin ta huda daɓen, mugunya ta cika kogon, ita ce murar nan mai wari. Da ta rasa hanya sai ta haura sama ta taru a bayan ido, ta turo shi waje, ta matse jijiyar gani. Ta ce yanzu ba ido kaɗai suke tsoro ba, daga nan babu nisa zuwa ƙwaƙwalwa, kuma ciwon ya fara shiga jini. Dole a shiga da ita tiyata a fitar da mugunyar, a cire haƙorin.

Sai mijinta ya yi tambayar da ni na kasa yi. Ya ce, "Likita, don Allah ki gaya mani gaskiya. Da tun farko mun kawo ta, ana cire wa mai ciki haƙori?"

Ta ɗan jima tana dubansa, kamar tana neman hanyar da maganar ba za ta yi masa nauyi ba. Ta ce, "Ana cirewa, Malam. Muna yi, kuma akwai magungunan da ba sa taɓa ɗan ciki. Ciwon da aka bari a jikin uwa shi ya fi cutar da shi." Sai ta ƙara da cewa, "Ba ku kaɗai ba ne. Da yawa haka suke zuwa mana."

Na ga mutumin nan, wanda ke yini a gona ba ya cewa ya gaji, ya nemi bango ya jingina.

Kafin a shiga da ita, Yaya ba ta tambayi ido ba ko sau ɗaya. Abin da take ta faɗi shi ne, "Ku diba mani ɗan." Wata nas ta kawo na'ura ta ɗora a cikin, ɗakin ya cika da wani sauti mai sauri, bugun zuciyar abin da ke ciki. Yaya ta saurara, hawaye na gangarowa daga idon da ya rage. Ta ce, "To, ku yi abin da za ku yi."

An yi aikin, an fitar da mugunya mai yawa, an cire haƙorin. Nas ta nuna mani shi a cikin ɗan kwano: baƙi, rabinsa a cinye, bai kai ƙwayar gyaɗa biyu ba. Na tsaya ina kallonsa na kasa haɗa ƙanƙantarsa da abin da ke kwance a kan gadon can.

Kumburin ya fara saɓewa, muka fara sa rai. Amma zazzaɓin ya ƙi sauka yadda ake so, jikinta ya galabaita. Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, ta ce mani bayanta yana ciwo. Kafin azahar naƙuda ta kankama, alhali da sauran lokaci mai yawa. Suka yi iya yinsu su tsayar da ita, ba ta tsaya ba.

Mace ta haifa. 'Yar mitsitsiya, tsawonta bai wuce daga gwiwar hannuna zuwa yatsu ba, amma komai nata ya cika, har da gashi baƙi kwance a kai. Ta yi kuka siriri sau ɗaya aka ruga da ita aka sa a kwalba. Mahaifinta ya tsaya daga bayan gilashi ya yi mata kiran salla a hankali. Da Yaya ta ɗan samu ƙarfi, na tura ta a keken marasa lafiya muka je. Rabin fuskarta a naɗe da bandeji, ta karkata kai don ta daidaita idon dama. Aka bar ta ta zura yatsa ta wata 'yar kafa, jaririyar ta kama shi. Yaya ta yi dariya, irin dariyarta ta da, har ta dafa hannuna. Ta ce, "Auta, dubi hancin. Na babanta ne, kaico."

Wannan ne gani na farko da na ƙarshe da Yaya ta yi wa 'yarta. Yarinyar ba ta kai ranar suna ba. Huhunta bai yi ƙwari ba, kuma ciwon da ke jinin uwar ya riga ya taɓa ta. Wata la'asar aka kira mahaifinta. Shi ya ɗauke ta a hannu, naɗe a ɗan farin ƙyalle, wasu bayin Allah da ke jinyar 'yan'uwansu suka bi shi aka yi mata salla, aka binne ta a can Katsina, garin da ba mu da kowa.

Ya dawo ya tsaya a bakin ɗakin ya kasa shiga. Ni na shiga. Na zauna ina gyara mata zane, ina neman ta inda zan fara. Ta juyo da kanta gaba ɗaya, don yanzu haka take yi in za ta kalli mutum.

Ta ce, "Ta tafi ko?"

Na gyaɗa kai. Ta ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, ta maimaita, ta sake maimaitawa. Ba ta yi kururuwa ba. Ta daɗe tana kallon silin. Can ta ce, a hankali kamar mai magana da kanta, "Don ita fa na ƙi cirewa, Auta. Don ita."

Na kwantar da kaina a gefen gadon, ita da ya kamata in rarrasa, ita ta riƙa shafa mani kai.

Inna ta zo bayan kwana biyu, ta biyo motar haya ita da ba ta taɓa zuwa Katsina ba, da kunun kanwa a fulas wanda ta dama wa mai jego. Ɗanta ya taro ta a tasha, a hanya ya gaya mata komai, har da abin da likita ta ce. Ta shigo ta ajiye fulas ɗin, ta durƙusa a ƙasa gaban gadon, tsohuwa da furfurarta. Ta ce, "Ɗiyata, ni na hana. Da bakina na hana. Ki yafe mani."

Yaya ta yunƙura ta kamo hannunta. "Inna, tashi don Allah, kada ki sa ni kuka, idon yana mani zafi. Ko ba ki faɗa ba, ni ba zan je ba. Abin da muka taso muka ishe ke nan. Wa ya kai ki son jaririyar nan?" Ta sa aka zuba mata kunun ta sha a gaban Inna, duk da na san ba ta jin cin komai.

Mun koma Ruwan Godiya an fara karyar masara. Ran Yaya ya tsira, kuma likitocin sun ce mu gode wa Allah da ciwon bai kai ƙwaƙwalwa ba. Mun gode. Amma idon hagu bai sake gani ba. Yana nan a wurinsa, ya ɗan faɗa ciki, wanda bai sani ba sai ya lura sosai zai gane. A farkon dawowarta takan zuba ruwa a gefen kofi ya malale a ƙasa, takan buge da ƙyauren ɗaki, takan firgita in mutum ya zo mata ta hagu. Inna ta bi gidan tana matsar da kaya, ta mai da randa da murhu inda Yaya za ta riƙa ganinsu ba sai ta juya ba. Ta daɗe ba ta taɓa hula ba. Da ta koma, zura zare a allura kaɗai yakan ci mata lokaci, kuma ba ta yarda a zura mata. Kayan jariri da ta tara a ƙasan akwati, ita da kanta ta fito da su ta aika wa wata maƙwabciya da ta haihu. Allah bai sake ba ta wani cikin ba.

Tana nan da ranta, tana dariya, ko da yake ba kamar da ba. Inna ta rasu, kuma har ta koma ga Allah ban ji Yaya ta tayar mata da maganar ba. Da na ce mata ina so in rubuta wannan, sai ta ce, "Rubuta. Amma ki faɗa masu tun daga murar, don a nan ne ba mu gane ba."

To ga shi na faɗa. Mun yarda da ƙaddara, kuma kwanan yarinyar nan iyakarsa ke nan. Amma Allahn da ya ƙaddara shi ya ce a nemi magani. Na koyi cewa ciwon da ya yi shiru ba lallai ne ya tafi ba, kuma ruɓaɓɓen haƙori ba ya tsayawa a baki. In kunci ya yi nauyi, hanci ɗaya yana wari, ko ido ya fara kumbura a gefen da haƙori ya taɓa ciwo, wannan ba na jiran gobe ba ne, ko mai ciki ce ko ba mai ciki ba. Abin da ya fi tsaya mani a rai kuwa shi ne, a cikin duk waɗanda suka kewaye yayata babu maƙiyinta ko ɗaya. Masu sonta ne suka zaunar da ita a gida, da maganar da kowa ya gada kuma babu wanda ya taɓa bincika ta. Tambaya ɗaya a ɗakin awo da ta isa. Tun daga lokacin, in aka ce mani ai ba a yin kaza ga marar lafiya, sai na je na tambayi wanda ya karanci abin, ko da za a ce na cika naci. Na ga abin da rashin tambaya ya ci, kuma da hannuna na naɗe jaririyar nan a farin ƙyalle na miƙa wa mahaifinta.